Giyar Mota da Alkawarin da Ba Ya Isowa Jalingo

Ranar da giyabos ɗin ya iso daga Anaca, a cikin buhu aka sauke shi a tasha, an ɗaure da igiyar roba, guntun man da ya rage a cikinsa ya jiƙe buhun har ya yi baƙi. Da muka kai shi gareji aka kwance, bakanike bai ko dubi lambar jikinsa ba, fenti ya shiga nema. Ya juya shi, ya sake juyawa, har ya gano inda mai kayan ya sa hannu da fenti ruwan ɗorawa, ya kuma bi kowane noti ya ɗiga masa ɗigo guda. Ya ɗago ya ce, "Malam, ga garantinka nan. Kwana bakwai ne. In aka taɓa noti ɗaya fentin ya tsage, ko yau ka mayar ba zai karɓa ba." Na kira mai kayan a waya don in ji daga yaushe ake fara ƙirga kwana bakwan. Ya ce daga ranar da ya ɗora wa mota. Kwana uku kayan ya yi a hanya.

Ina nan tsaye, ana ta bugun ƙarfe ta ko'ina, sai wani ɗan littafi ya faɗo mini a rai, wanda rabona da ganinsa ya fi shekara talatin. Littafin motar mahaifina ne, Peugeot 504, Fijo a bakinmu, wadda ya saya a 1978 da bashin mota na ma'aikata. Cikin wata jakar leda mai kauri yake zama a aljihun gaban motar, kuma babu yaron da ya isa ya taɓa shi. Akwai lambar inji da lambar jiki, akwai sunan Baba da aka rubuta da biro, sai shafuka masu gurabe inda ake buga hatimi duk lokacin da aka kai motar sabis. Baba yakan ce katin asibitinta ke nan.

Jalingo ta wancan zamani ba babban birnin jiha ba ce. Fadar Sarkin Muri ce kuma hedikwatar ƙaramar hukuma a cikin jihar Gongola, wadda aka ƙirƙiro a 1976 aka sa mata Yola a matsayin babban birni. Motocin garin ba su da yawa, har mu yara mukan gane ta wane ce ke tafe daga jin kukanta. Fijo 404 da 504 su ne kan gaba, sai Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, sai Datsun jefi-jefi, sai Land Rover ta hukuma da ta 'yan mishan. Abin da ban fahimta ba sai da na girma shi ne yawancin waɗannan motoci a ƙasar nan ake haɗa su. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara fitar da mota a 1975, na Volkswagen a Legas shi ma a shekarar. Daga baya aka buɗe Steyr a Bauci da na manyan motocin Fiat a Kano. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta mayar da Fijo motar hukuma, tun daga manya har ƙasa, shi ya sa duk lungun da ka shiga a Arewa za ka samu kayanta da wanda ya iya gyaranta.

Na tuna tafiyar sabis na farko. Baba bai yarda a taɓa motar a Jalingo ba, ko juyen baƙin mai, domin littafi ya ce a garejin da kamfani ya amince da shi za a yi. Muka yi sammako muka kama hanyar Yola ta Zing da Mayo Belwa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, wai inji bai gama sakin jiki ba. A can wani mutum mai rigar aiki shuɗiya ya karɓi makulli, ya buɗe littafin, ya tambayi Baba ko akwai abin da yake ji. Baba ya ce babu. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka ji wani abu a giya ko a inji kafin wa'adi ya cika, kada ka bari kowa ya buɗe. Kawo mana, namu ne." Kalmar nan "namu ne" ta zauna mini. Garantin ba wani mai tsawo ba ne, bai wuce shekara ba, na yanzu ya fi shi nesa ba kusa ba a kan takarda. Amma akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, akwai mutum mai suna a bayanta, kuma in abin ya gagare shi, masana'antar da ta haɗa motar tana Kaduna.

Ba na so in yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Mutum nawa ne ke da mota a lokacin? Manomin Lau ko na Karim Lamido bai san wani littafin garanti ba, akori-kura yake jira ranar kasuwa. Cikin masu motar ma akwai waɗanda nisan Yola ko Jos ya sa suka watsar da hatimin tun sabis na biyu. Sai dai su waɗannan ba su yi wata babbar asara ba, domin motar kanta tana ɗauke da wani garanti na biyu wanda ba a rubuta ba, wato sauƙin cikinta.

Na sha zama a garejin da Baba ya koma kai motar bayan wa'adi ya ƙare, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, ina kallon yadda ake buɗe giyar 504. Buhu ake shimfiɗawa a ƙasa, a zazzage kayan cikin a kai, a wanke da fetur a kwano. Haƙora ne na ƙarfe a jere kan sanduna, da zobba na tagulla, da boris, da 'yan cokula masu tura su. Duk abin da ya lalace ido yana ganinsa, hannu yana jinsa. In lamba biyu tana ƙara lokacin shiga, zoben tagulla ne ya cinye. In giya tana fita da kanta, an san inda za a duba. In mota tana kuka ba ta ja, faifan kuloci ne ya ƙare, a sauke a sa sabo, kafin la'asar ka tafi da abinka. Maigidan garejin bai yi boko ba, amma yakan sa dogon sukundireba a jikin giya, ya kara kunne a ƙotarsa, ya faɗa maka boris ɗin da ke kuka. Ga wani abu kuma da ya zo ya yi mana illa daga baya: giyar 504 ba ta da wani mai na daban, baƙin man da inji ke sha shi ake zuba mata. Kanikawa da direbobi na tsara guda suka tashi da sanin cewa mai mai ne.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Aka dakatar da bashin mota, har maido da shi ya shiga cikin buƙatun ƙungiyar ƙwadago a yajin aikin gama-gari na watan Mayun 1981, zamanin Hassan Sunmonu. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta zube. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, kuma har yau ba ta dawo ba. A daidai wannan hali aka yanke Taraba daga Gongola ranar 27 ga Agustan 1991. Ma'aikata suka kwaso kayansu daga Yola, Jalingo ta cika ta batse, unguwanni suka miƙe ta Magami da Mayo Dasa da Nukkai har Mil Shida. Kowa yana bukatar abin hawa, ba mai kuɗin sabuwa. Nan 'yar Kwatano ta samu shiga, wadda wasu ke kira Beljiyam, 'yan Kudu kuma tokumbo.

Zuwan farko bai tayar da hankali ba, domin motocin Turai ne da na Japan da aka yi wa kasuwar Turai, irin su Golf da Carina da Starlet da Opel, kuma kusan dukkansu manuwal ne. Babu littafi, babu hatimi, amma giyar 'yar'uwar ta Fijo ce, bakanike zai buɗe ya gane. A wancan lokaci otomatik ma gudunta ake yi. Ana cewa ba ta turuwa in batir ya mutu, ga shan mai, ga shi ba mai gyara, har takan fi manuwal araha a wurin dillalai. Daga wajen shekarar 2000 ne kasuwa ta karkata Amurka, inda kusan kowace mota otomatik ce. Honda Accord ta mamaye Arewa da sunayen da aka laƙaba mata, daga Hala da Buldok zuwa Bebi Boi da Diskoshon, Toyota Camry da Corolla na biye. Cikin 'yan shekaru wanda ya saba da daɗin taka totur kawai ya daina waiwayar kuloci.

A nan ne lissafi ya rikice mana: giya ta ƙara wuyar sha'ani a daidai lokacin da mai tsaya mata ya ɓace.

Giyar otomatik wata halitta ce daban. A cikinta mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, shi ne ma'aikacin. Tsakanin inji da giya akwai wani tulun ƙarfe mai fanka biyu a ciki, ɗaya tana koro mai, man yana juya ɗayar, ta haka ƙarfin inji ke ƙetarawa. Man ne kuma ke matse faya-fayan nan sirara da kanikawa ke kira faiba, ta wasu 'yan hanyoyi ƙanana kamar gidan tururuwa, waɗanda ƙwaƙwalwar mota ke buɗewa da rufewa da lantarki. Shi ne kuma ke ɗebe zafi ya kai lagireto a sanyaya. Saboda haka babban abokin gabarta zafi ne, mu kuwa a Jalingo watan Maris da Afrilu ba sai an ba kowa labari ba. Ƙara da lodin buhunan masara da doya a but, da ramukan hanyar Wukari, da hawan Mambila, inda daga Mayo Selbe mota za ta yi ta nishi tana murɗa kwana har Maisamari kafin ta ga Nguroje da Gembu. Ba banza ba tsofaffin Land Rover suka daɗe suna riƙe da ƙauyukan saman dutsen nan bayan an manta da irinsu a wasu wurare.

Mu ma da namu laifin, kuma gara a faɗa. Mun shigo da ɗabi'un manuwal cikin otomatik. Kowace giya da irin man da aka yi ta da shi. Honda tana da nata, Toyota ta yi wani ta sake wani, giyar nan mai bel da ake kira CVT nata daban ne gaba ɗaya. Mu kuwa in dai ja ne shi ke nan, a zuba, kuma a kasuwa jabu ya fi na gaske yawa. Direba zai sa mota a firi a gangara don tsimin fetur, ya mayar da ita giya tana cikin gudu. Mota za ta mutu a hanya a ɗaura mata igiya a ja ta tafiyar kilomita hamsin, alhali in inji ba ya aiki famfon man giya ma ba ya aiki, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. A canza lagireto a rasa inda za a sa tiyon man giya, sai a haɗe bakin biyu a ce ba komai. Na ga duk waɗannan da idona, wasu a jikin motata aka yi su ina tsaye ban san illarsu ba.

Tawa ta same ni a 2012. Wurin wani dillali na sayi motar, cikin masu jera motoci a bakin titi, shekararta goma sha ɗaya da ƙerawa, tana ƙyalli kamar ba a taɓa hawa ba. Mun zaga gari da ita, giya tana shiga lafiya lau. Mako na uku ina hanyar Wukari, na kusa Mutum Biyu, sai na ji inji yana ƙara kuka, allura tana hawa, mota kuwa tana rage gudu. Na tsaya, wani ƙauri ya bugi hancina kamar an bar tukunya a wuta. Da aka dawo da ita aka kwance farantin ƙasa, man ya yi baƙi ƙirin, garin ƙarfe ya lulluɓe maganaɗisun da ke ciki. Bakanike ya murza man a yatsa ya ce, "Malam, wannan ciwon ya daɗe. An zuba mata maganin kauri ne don ta yi shiru ta samu mai saye."

Na koma wurin dillalin da man a cikin gora. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Haba Malam, ai lafiyarta ƙalau ka ɗauke ta, da hannunka ka gwada. Ƙarfen nasara ba shi da tabbas. Wataƙila ma tuƙin ne, ka san otomatik sai a hankali. Ka ɗauka ƙaddara ce." Rasit ɗin da ke hannuna bai ce komai ba ban da sunana da lambar mota da kuɗin da na biya. Abokai suka ce in bari, rigima da mai kasuwa ba riba. Na bari. Amma har yau kalmar ƙaddara a bakinsa tana yi mini ciwo, domin na yi imani da ƙaddara, kuma na san ba a saukar da ita don ta zama mayafin algus ba.

Daga baya na shiga bin labarin yadda ake yi a ƙasashen da motocin nan ke fitowa, na tarar su ma ba a kan tabarma ake miƙa musu haƙƙinsu ba. A Amurka sai da masu mota suka yi ta kuka kafin jihar Connecticut ta fara yin doka a 1982 wadda ta ce in sabuwar mota ta ƙi gyaruwa bayan an yi ta kaiwa, dole kamfani ya musanya ko ya mayar da kuɗi, sauran jihohi suka biyo baya. Honda ta ƙara wa'adin garantin giyar otomatik na Accord ƙirar 2000 da 2001 zuwa shekara 7 ko mil 100,000, saboda yawan mutuwar da take yi, a 2004 kuma ta kira wasu motocinta masu silinda shida a gyara matsalar zafi a giya ta biyu. Nissan ta ninka garantin giyarta ta CVT zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ford a Ostareliya. Giyar da suke kira PowerShift, wadda aka sa a Focus da Fiesta, ta riƙa karkarwa da fizga, masu mota suka yi ta kai ƙorafi, aka riƙa ce wa wasunsu yadda suke tuƙi ne ya jawo. A 2018 kotun tarayyar ƙasar ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 10 a kan yadda ya bi da ƙorafin. Maganar da dillalina ya faɗa mini a bakin titi a Jalingo, ita ce wani babban kamfani ya faɗa wa mutane a can. Bambancin kawai, can akwai wanda ya tsaya musu.

To yi lissafi. Motar 2001 mai garantin shekara 7, alkawarinta ya mutu a 2008. Yaushe irinta ta fara yawa a titin Hammaruwa na Jalingo? Bayan nan. Wato mai ita na farko ya ci moriyar alkawarin, da ya ga wa'adi ya ƙare kuma giya ta fara gardama sai ya rabu da ita, ta hau jirgin ruwa. Ko da ma da sauran kwana a takardar, garantin Amurka ba ya aiki a nan. Da yawa kuma daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, kamar dubban da guguwar Katrina ta nutsar a 2005 da Sandy a 2012, irin waɗannan kuwa tun a can an soke garantinsu. Ruwa in ya shiga giyar otomatik yana ɓamɓare faiba a hankali, ba ya nunawa ranar saye. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, wadda in an bincika a intanet za ta faɗi tarihinta, har da ainihin tafiyar da ta yi kafin a murɗa agogon baya. Kuɗin binciken bai kai na taya ɗaya ba. Ban san da wannan ba a 2012.

Masu sayen sabuwa gal, waɗanda galibi gwamnati ce da bankuna da ƙungiyoyin agaji da 'yan tsirarun masu hali, su ma da irin nasu kukan. Garantinsu ya kai shekara uku ko fiye, amma sharaɗin Baba yana nan: sabis sai a garejin da kamfani ya yarda da shi, a kan kari. Daga Jalingo sau da yawa wannan yana nufin Abuja, wuni guda cur a hanya, da kuɗin mai da na kwanan direba. Lokacin da gadar Namnai ta karye a ambaliyar watan Agustan 2024, hanyar Wukari ma ta koma sai da jirgin fito ko dogon zagaye. Sai mutum ya yi sabis biyu a gida don sauƙi. Ranar da giya ta tsaya aka ɗora motar a janwe aka kai, abin da za a fara buɗewa littafi ne, a ga babu hatimi, a ce wani ya taɓa, a miƙo takardar kuɗi. Kamfanin yana kan ƙa'idarsa. Sai dai ƙa'idar an rubuta ta ne don mai zama kusa da gareji, aka sayar wa mai zama bayan Binuwai a farashi ɗaya. Kaduna ma da muke tinƙaho da ita ta sauya. An daina haɗa 504, gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin Peugeot a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. Fijon da suka biyo baya, irin 307 mai otomatik, duk bakaniken da ya taɓa su ya san fitilun nan biyu da ke ƙiftawa a gaban direba, mota ta maƙale a lamba uku ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba mu rasa doka ba, kuma ba mu rasa al'ada ba. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar da aka yi tun 1992, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibi cikin wata uku, a gyara ko a musanya ko a biya shi. Tun kafin wannan da ƙarnuka, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a fiƙihun Malikiyya ya san zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon ciwo da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa, kuma cewa "na sayar yadda take" ba ta wanke wanda ya san aibin ya yi shiru. Je ka kasuwar shanu ta Iware ka gani. In ka sayi sa ya kwana biyu ciwon da aka rufe ya bayyana, dillalin da ya ci la'ada shi za ka kama, shi zai nemo mai shi, shugabannin kasuwa su zauna a warware. Dillali a can sunansa ne jarinsa. Mun iya wannan a kan dabba, amma da aka zo kan motar da ta fi garken wani tsada sai muka yarda cewa da an miƙa makulli magana ta ƙare. A ganina ƙungiyoyin dillalan mota a Jalingo za su iya ɗaukar tsarin kasuwar shanu yadda yake, su rubuta a jikin rasit cewa inji da giya suna wuyan mai sayarwa na wata guda. Wanda ya fara haka zai ga kasuwa, domin mai saye a garin nan tsoron giya ne ya fi damunsa.

Yanzu kuwa abin ya ƙara tsanani. An hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017, naira ta sake zubewa a 2023, 'yar Kwatano ma ta zama ta masu hali. Yawancin mutane motar hannu suke saye, wadda ta riga ta ga kanikawa biyar da man giya iri huɗu. Shi ya sa wata sana'a ta bunƙasa: mayar da otomatik manuwal. A cire giyar, a huda ƙasa a dasa feda ta uku, a nemo giyar hannu ta kwance daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Masu haya da ke bin Bali da Serti da Gembu su suka fi yi. Na tambayi wani direba dalili, ya ce, "Yallaɓai, wannan in ta yi ciwo a daji zan lallaɓa ta da lamba biyu har gida. Waccan in ta kwanta sai janwe."

Akwai kuma samari da suka taso, waɗanda ke sa wa mota kwamfuta su karanta abin da ƙwaƙwalwarta ta rubuta kafin su ɗauki sifana. Motocin Amurka tun daga ƙirar 1996 duk suna da kafar da ake sa kwamfutar a ƙarƙashin sitiyari, shekaru muka yi muna yawo da ita ba mu san amfaninta ba. Sau da yawa abin da da za a ce giya ta mutu a sayo wata, sai a tarar wata 'yar na'ura ce ko waya ta tsinke. Wanda ya ɗaura mini giyabos ɗin Anaca ɗaya ne daga cikinsu, kuma jikan maigidan nan ne na ƙarƙashin dalbejiya. Kwana biyu ya yi yana aikin. Ya wanke tiyo da lagireto don kada garin tsohuwar giya ya shiga sabuwa, ya sa na sayo man da aka rubuta a jikin sandar gwaji, ya ƙi karɓar wanda na fara kawowa.

Ran kwana na shida muka fita gwaji. Muka bi hanyar Zing inda akwai hawa, ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, yana saurare. Ta ɗaya ta shiga, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ba fizga ba jinkiri. Ya tsaya a gefen hanya ya zaro sandar ya shinshina man, ya sa ribas ya ƙirga daƙiƙa kafin ta kama. Da muka dawo gareji na biya shi, sai ya yagi takarda daga littafin makarantar ƙaninsa, ya rubuta kwanan wata da tafiyar da agogo ya nuna da irin man da aka zuba, ya sa hannu. Ya ce, "Baba, na mai kaya gobe zai ƙare. Ni na ba ka wata biyu a kan aikina. In ka ji wani abu kada ka bari kowa ya buɗe, kawo mini." Na ninke takardar na sa a leda, na ajiye ta a aljihun gaban mota.